Kyanwa da kare ma suna da ƙwalama

Da fatan karatu na tafiya daidai, kuma masu jibge littafi sai daren jarrabawa sun fara tuba.

Bayan maganar kiwon tantabaru da muka yi a makon jiya, wata ɗaliba 'yar aji huɗu ta aiko mini da tambaya daga Malumfashi. Ta ce tana yawan gani a waya yadda Turawa ke toya wa karnuka da kyanwoyinsu wasu 'yan ƙananan biskit, har da masu siffar ƙashi da siffar kifi, ita kuma tana da mage da take ji da ita. Shin za ta iya yi mata irin wannan a gida, ko kuwa abin na masu kuɗi ne da suka rasa abin yi? Gaskiya ta sosa mini inda yake mini ƙaiƙayi. Za ki iya, ƙanwata, kuma ba sai da tanda mai lantarki ko wasu kuɗi masu yawa ba. Amma kafin mu ɗora tukunya, bari in ba ku labarin yadda na kusa kashe tawa kyanwar da hannuna, alhali ina ganin gata nake yi mata.

Sunanta Lami, don ranar Alhamis ƙanwata ta tsinto ta a bayan katangar makarantar allo, ko idonta bai gama buɗewa ba. Yau shekararta uku a gidanmu, kuma tun da ta girma ba mu sake jin motsin ɓera a ɗakin ajiya ba. A dogon hutun bara na samu ɗan aikin koya wa yaran maƙwabta lissafi, kuɗi suka ɗan shigo aljihu, sai na tsiri sayen tsire kusan kullum bayan sallar isha'i. Ni kuma ba na son albasar da mai tsire ke zubawa a kai. In na gama sai in shimfiɗa wa Lami takardar, da guntayen nama da albasar da ta jiƙe sharkaf da mai da yaji, ta lashe tas. Ranar da ban sayi tsire ba in ɗibar mata daga soyayyen naman Umma, wanda ya sha albasa da tafarnuwa. Ina kallonta tana lasar baki, ina cewa a raina duk unguwar nan babu kyanwar da ta kai ta morewa.

Wajen kwana goma ana haka sai Lami ta canza. Ta daina hawa katanga. Ta koma kwanciya a ƙarƙashin gadon Kaka tana numfashi sama-sama, in an kira ta sai dai ta ɗago kai ta mayar. Inda ta yi fitsari kuwa sai ka ga ya yi duhu kamar ruwan shayi. Na ce ai zazzaɓi ne. Na ɗauko ƙwayar farasitamol na raba biyu, na danne ta zan tura mata a baki, ta yakushe ni a hannu ta tsere. Har yau tabon yana nan, kuma duk lokacin da na gan shi sai na gode wa Allah. Washegari na sa ta a kwali na kai ta asibitin dabbobi.

Likitan ya ɗaga leɓenta ya ce in duba dasashinta. Maimakon ja, ya koma fari kamar takarda. Ya ce, "Me kake ba ta?" Na shiga lissafa masa har da ɗan alfahari. Ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "Samari, a ina kake karatu?" Na ce a jami'a, kuma kimiyya nake karantawa. Ya ce, "To in ka koma ka binciko abin da albasa ke yi wa jinin kyanwa." Da na ambaci maganar farasitamol kuwa, ajiye abin da ke hannunsa ya yi ya ce, "Da ta haɗiye shi, da ba nan za ka kawo ta ba, da rami za ka haƙa." Aka yi mata ƙarin ruwa, aka ba mu magani. Kuɗin da nake tarawa in sayi takalmi suka tafi, ita kuma sai da ta yi kusan mako uku kafin ta sake hawa katanga. Hausawa suka ce ƙaramin sani ƙuƙumi ne. Ni a nan ko ƙaramin ma ban da shi.

Na je na yi binciken da ya sa ni. Albasa da tafarnuwa da danginsu suna ɗauke da wasu sinadarai masu sulfa, wato farar wuta. Mu jikinmu yana iya ji da su. Amma in suka shiga jinin kare ko kyanwa, sai su lalata sinadarin himogulobin da ke cikin jajayen ƙwayoyin jini, wanda shi ke ɗaukar iskar da ake shaƙa ya kai wa sassan jiki. Ƙwayoyin su riƙa fashewa, jini ya yi ƙaranci, dasashi ya yi fari, ragowar abin da ya fashe ya fita ta fitsari ya rine shi. Na kyanwa ya fi saurin lalacewa. Likitocin dabbobi sun ƙiyasta cewa giram 5 na albasa a kan kowane kilo na nauyin kyanwa ya isa ya taɓa jininta, a kare kuma giram 15 zuwa 30. Lami kilo uku da rabi ce. Ku buga lissafin da kanku: bai kai giram 20 ba, wato 'yan yanka kaɗan. Dafawa ba ta kashe wannan guba, haka suya, haka busarwa. Kuma kaɗan-kaɗan na kullum yana taruwa.

Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne ciwon ba ya nunawa nan take, sai bayan kwanaki. Lokacin kowa ya manta da tsiren. Shi ya sa in kyanwa ko kare ya mutu haka kwatsam a unguwa, za ka ji an ce maƙwabci ne ya sa masa guba, har a daina gaisawa. Wani lokacin gaskiya ne an sa. Amma tun abin da ya faru da Lami nake tunanin sau nawa gubar daga tukunyar masu gidan ta fito.

Shi kuwa farasitamol, hantar kyanwa ce ba ta da isasshen sinadarin da ke narkar da shi, don haka ƙwaya ɗaya ta babban mutum tana iya kashe ta. Kada ku ba dabba maganin mutane sai likitan dabbobi ya ce.

Ba albasa kaɗai ba ce. Littattafan Turawa sun fi yin kashedi a kan cakulan, saboda sinadarin tiyoburomin da ke cikinsa, wanda ke daɗewa a jikin kare yana sa zuciya bugu da sauri, da karkarwa, har da farfaɗiya. Mu cakulan bai cika yawo a gidajenmu ba, in ma ya shigo wa zai bar wa kare? Amma muna da goro, kuma goro na ɗauke da kafin mai yawa da ɗan wannan tiyoburomin. Don haka a kula da kwanon goron Kaka, da ganyen shayi da gahawa. Inabi da zabibi suna iya kashe ƙodar kare. Cingam da alewar da aka rubuta ba su da sukari, da yawansu ana sa musu wani abin zaƙi mai suna zailitol, wanda ke faɗar da sukarin jinin kare cikin ɗan lokaci. Dafaffen ƙashi, musamman na kaza, yana tsagewa ya yi tsini ya maƙale a maƙogwaro ko ya huda hanji. Na san za a ce ai tun kaka da kakanni ƙashi ake jefa wa kare. Haka ne, waɗanda suka tsira su muke gani. Sai kitse: lokacin babbar Sallah akan tara wa kare kitse da ragowar man suya ya ci ya yi nak, bayan kwana biyu ya kama amai da ciwon ciki mai tsanani.

Har madara, wadda a zanen littattafan firamare kullum ita ce a gaban kyanwa. Yawancin kyanwoyi in sun girma cikinsu yana daina narkar da sukarin da ke cikin madara, sai ta sa su zawo. Ɗan cokalin kindirmo marar sukari bai cika damunsu ba, tunda tsamin ya cinye wani ɓangare na sukarin. Amma ban da fura, don ta sha citta da kanumfari da barkono.

To me za a ba su ke nan? A nan sai an raba kare da kyanwa, don ba tafiyarsu ɗaya ba. Kyanwa maciyar nama ce zalla. Akwai wani sinadari mai suna taurin da jikinta ba ya iya ƙera isasshe, dole sai daga nama ko kifi take samunsa. A shekarar 1987 masu bincike a Jami'ar Kalifoniya da ke Davis a Amurka suka gano cewa ƙarancinsa ne ke jawo wa kyanwoyi wani ciwon zuciya da ya yi ta kashe su, kuma rashinsa yana makantar da su. Kyanwar da ake ba tuwo da miya kullum, ɓerayen da take kamawa ne ke riƙe da ita. Sannan ba ta jin zaƙi sam. A 2005 wasu masana a Filadelfiya suka nuna cewa ƙwayar gadon da ke sa harshe ya ji zaƙi a lalace take a jikin kyanwa da danginta irin su damisa. In kin ga magenki na lasar kek, man da ke ciki take bi, ba sukarin ba. Shi kuwa kare ya daɗe yana cin ragowar ɗan Adam har cikinsa ya saba. Wani bincike da aka fitar a 2013 daga Jami'ar Uppsala ta ƙasar Suwidin ya nuna cewa kare ya fi kakansa kyarkeci ƙwayoyin gadon narkar da sitaci. Shi ya sa dankali da hatsi ke karɓarsa.

Biskit ɗin da ƙanwarmu ta Malumfashi ke gani ma don kare aka fara yinsa. Wajen shekarar 1860 wani Ba'amurke mai suna James Spratt ya fara haɗa shi a Landan yana sayarwa, da garin alkama da kayan lambu da nama. Daga nan abin ya bunƙasa ya zama babbar sana'a. A 2007 aka samu wani sinadarin masana'anta mai suna melamin a cikin abincin dabbobi na kanti a Amurka, karnuka da kyanwoyi masu yawa suka kamu da ciwon ƙoda, aka janye kaya daga kasuwa, mutane da dama suka koma dafa wa dabbobinsu da kansu. Su tsoron na kanti ne ya mayar da su madafa. Mu da ma ba ma saye, tamu matsalar ragowar kwano ce.

Ranar da na fara dafa wa Lami nata daban, Kaka ta leƙo madafa ta riƙe haɓa ta ce, "Kai mijin nan nawa, ni ko ƙwai ba ka taɓa soya mini ba, sai kishiyata mai gashin baki? Mutane na neman na tuwo, kai kana yi wa mage girki." Wasa take yi, amma rabin maganar gaskiya ce, kuma na san da yawanku in kuka gwada za ku ji irinta a gida, wataƙila ma ba cikin wasa ba. A wannan tsadar, wanda ya ɗebi naman miyar gida ya ba kyanwa ya cancanci faɗan da za a yi masa. Ni dokar da na sa wa kaina ita ce ba na taɓa rabon kowa. In an aike ni wurin mahauci nakan roƙi gyara, ya yanko mini ɗan huhu ko guntun zuciya. In an sayi kifi ina karɓar kai da jela. In an yanka kaza, to akwai abin da ba mai so. Sauran kuma daga kuɗin kashewata ne, kuma bai kai kuɗin tsiren da na daina saye ba. A wajena dabbar da ka ajiye a gida amana ce. Duk mun karanta a Islamiyya labarin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta kulle ba abinci, da mutumin da aka gafarta wa don ya shayar da kare mai ƙishirwa. Da na tuna wa Kaka wannan sai ta ce, "To Malam, Allah Ya ba da lada," ta ja zanenta ta tafi.

Wanda na fi yi, kuma Lami ta fi so, shi nake kira kilishin kyanwa. A samu huhu ko zuciya ko 'yar tsoka marar kitse, a wanke, a tafasa a ruwa zalla kamar minti 20, har sai in an yanka ba a ga jini a ciki ba. Zalla na ce: ba gishiri, ba magi, ba yaji, ba komai. Hannunka zai yi ta ƙaiƙayin ka ɗan barbaɗa wani abu, don a hancinmu abin salam yake. Ka daure, hancinta ba irin naka ba ne. In ya huce a yanka shi fale-fale, a jera a kan ragar waya bisa garwashin da ya lafa, ana juyawa har ya bushe ya yi tauri. Ba gashi ake so ba, busarwa ake so, don haka wuta kaɗan, haƙuri da yawa. Da hunturu ana iya ƙarasa shi a rana, a kife da rariya saboda ƙuda. Sai dai a ɗora dutse a kan rariyar. Karon farko ban ɗora ba, na ba kura ajiyar nama, na dawo na tarar da faranti wayam, Lami na gefe tana wanke fuska. In ya bushe a kakkarya shi kamar girman ƙwayar wake. Kare ma yana cinsa, a yanka masa manya.

Hanta ma ana yi da ita, kuma a kanta sun fi haukacewa, amma a yi hattara. Tana da bitamin A mai yawan gaske, kuma kyanwar da ake ɗura wa hanta kullum na tsawon watanni, ƙasusuwan wuyanta da na bayanta suna iya sanƙarewa har ta kasa juyawa ta lashi jikinta. Sau biyu a mako, kamar girman ƙwayar gyaɗa biyu, ya wadatar. Ruwan da aka tafasa naman kuma kada a zubar. A zuba mata a kan abincinta, ko in akwai wuta a daskarar da shi ya zama ƙanƙara. Da bazara, in ka jefa wa kare ɗaya a kwano, sai ka ga kamar an ba shi sarauta.

Sai wainar kifi. Rabin titus ko ƙaramar karfasa, a dafa a ruwa zalla, a zauna a tsince ƙayar tsaf da yatsu, har ƙananan nan da ke ɓuya a gefen ciki. A marmashe, a fasa ƙwai ɗaya, a zuba cokali biyu na fulawa don ya kama jikinsa. A shafa mai kaɗan a tanda ko kasko, a riƙa zubawa da ƙaramin cokali, wuta ƙasa-ƙasa, har ya dahu ciki da waje. Kada a ba ta ɗanyen kifi, domin wasu kifayen suna da sinadarin da ke lalata bitamin B1, ga kuma tsutsar ciki. Busasshen kifin kasuwa ma ni ba na yarda da shi sai na san inda ya fito, don wani da gishiri ake busar da shi, wani kuma akan fesa masa maganin ƙwari. Wannan wainar ba ta ajiyuwa. In babu firij a yi kaɗan a ƙarar a ranar, in akwai kuma kwana biyu zuwa uku.

Mu ba mu da kare a gida, amma Kawuna yana da wani baƙi ƙato mai suna Duna da ke gadin garkarsa a bayan gari, kuma shi ne ɗan gwajina. Biskit ɗinsa haka nake yi: rabin kofi na dafaffiyar kabewa da aka dama, ko dankalin Hausa, da ƙwai ɗaya, da cokali biyu na niƙaƙƙiyar gyaɗa wadda ba a sa mata komai ba, da fulawa kamar kofi biyu. Ana iya surka ta da garin gero. A kwaɓa da tauri kamar kwaɓin cincin, in ya bushe da yawa a yayyafa ruwa. A murza da kwalba, a yanka da wuƙa ko a fitar da shi da murfin kwalba. Duna bai taɓa tambayata me ya sa babu siffar ƙashi ba. Gashin kuma irin na masu kek ɗin gida ne: a zuba yashi mai tsabta a gindin babbar tukunya, a bari ya yi zafi, a ɗora faranti a kan 'yan duwatsu uku a ciki, a rufe, a bar shi a matsakaiciyar wuta minti 25 zuwa 30. In ka ƙwanƙwasa ka ji ƙwas, ya yi. Wanda bai da lokacin duk wannan ya yanka dankalin Hausa fale-fale ya ɗan tafasa ya busar, ko ya miƙa wa kare ɗanyen karas ko yankan kankana da aka cire wa 'ya'ya. Ban da ɗanyen rogo. Ƙuli-ƙulin kasuwa ma a bar shi, ya sha gishiri da yaji.

A kan gyaɗar nan sai na ɗan tsaya. Gyaɗa da masarar da suka yi fumfuna suna ɗauke da wata guba mai suna afulatoksin da ke cin hanta, kuma wuta ba ta kashe ta. Mu ma tana yi mana illa, amma kare ya fi saurin faɗuwa. A ƙarshen 2020 zuwa farkon 2021 an janye wani abincin karnuka daga kasuwa a Amurka bayan sama da karnuka 100 sun mutu ta dalilinta. Mu kuma ga al'adarmu: in an tsince gyaɗa, ruɓaɓɓun ake watsa wa dabbobi. Gyaɗar da ba za ka iya ci ba, kada ka niƙa wa kare. Haka in biskit ɗin ko kilishin ya fara fari-fari ko ya canza wari, a zubar inda ba za su tono ba. A kwalba mai murfi, da hunturu sukan yi mako guda lafiya. Da damina ni ba na wuce kwana uku, don iska duk ruwa ce.

Saura yawan da za a ba su, kuma a nan ne masu ƙauna suka fi yin ɓarna. Ƙa'idar da likitocin dabbobi ke bayarwa ita ce kayan ƙwalama kada su wuce kashi 10 cikin 100 na abin da dabba ke ci a rana. Kyanwa mai kilo 4 tana buƙatar kalori 200 zuwa 250 a rana. Kashi goma na wannan shi ne 20 zuwa 25. Ƙwai ɗaya yana da kalori 70 da 'yan kai. Ke nan sulusin ƙwai ya cinye rabonta na ranar gaba ɗaya. Da na fara buga wannan lissafin sai da na yi dariya, don abin da nake ba Lami a dare ɗaya ya kai na mako. Yanzu guda huɗu ko biyar na kilishinta take samu, ta yi ta kukan a ƙara, ni kuma in yi kamar ban ji ba. In sabon abu ne a fara da ɗan mitsitsi, a jira kwana ɗaya a ga ko zai sa ta amai ko zawo. 'Yan jarirai da ke shan nono kuma a bar su da uwarsu.

Amfanin ƙwalamar ya wuce daɗin baki. Lami ta kasance mai yawon dare, tana dawowa da rauni. Sai na riƙa girgiza kwalbar kilishin da magariba, in ta zo in ba ta ɗaya. Cikin mako biyu ta gane, yanzu ko tana kan rufin maƙwabta ta ji ƙarar sai ga ta. Duna kuwa da biskit na koya masa "zauna". Sirrin shi ne a ba shi a daidai lokacin da ya yi abin, ba bayan minti ɗaya ba, don in aka yi jinkiri ba zai san ladan me aka ba shi ba. Kuma in likita ya ba da ƙwaya, a cikin wainar kifi ake ɓoye ta, ba sai an yi kokawa irin tawa ba.

Game da kare, na san gidaje da yawa ana kaffa-kaffa da yawunsa, kuma hukuncin wannan na malamai ne, ba nawa ba. Ni dai ba na ba Duna a tafin hannu. Yana da kwanonsa, a ciki nake jefa masa, kuma kwanon ba ya haɗuwa da na gida wurin wanki. Wannan ko ta fuskar lafiya ya fi. Karen da ba ku sani ba kuma kada ku matsa kusa da shi da sunan kyauta, komai kyan biskit ɗinku. Ciwon haukan kare yana nan a ƙasar nan, kuma da zarar alamunsa sun bayyana a jikin mutum, da wuya a tsira. Kyanwa ma tana ɗauka. Ana yi musu allurar rigakafi a asibitocin dabbobi, kuma Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom a Jihar Filato tana cikin masu haɗa ta. Ranar 28 ga Satumba ta kowace shekara ce ranar yaƙi da cutar a duniya, kuma a wasu garuruwa akan yi allurar kyauta a lokacin, sai ku sa kunne. In kuwa tsautsayi ya sa kare ko kyanwa ta ciji wani, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu na minti 15, a tafi asibiti a ranar, ba sai an ga abin da hali zai yi ba.

A hutun da ya wuce na gasa wa Duna biskit na baza a faranti ya huce, na shiga wanka. Ina fitowa na tarar da Kaka zaune a tabarma tana tauna ɗaya da sauran haƙoranta, fuska a yamutse. Ta ce, "Wannan wane irin cincin ne, ba gishiri ba sukari? In haka za ka riƙa girki, gara ka bar wa matarka." Har yau ban gaya mata na waye ba, kuma ina roƙon wanda ke karanta mata jarida ya tsallake wannan shafin.

Ƙanwarmu ta Malumfashi, ki fara da kilishin, ki rubuto mana yadda magenki ta karɓe shi. Mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu, za mu duba yadda ake raba kyanwa da ƙuma ba tare da an fesa mata maganin sauro ba.